Ciwon ƙugu, haɗin kemis da zafin ƙahon zuciya: amsa ga wani ɗan kasuwar hatsi

Wani mai karatu ɗan shekara 36, wanda yake harkar hatsi a kasuwar Dawanau da ke Kano, ya aiko da tambaya. Ya ce kwana huɗu da suka wuce ya sunkuya zai taya 'yan dako ɗaga buhun masara, sai ya ji ƙugunsa ya riƙe, tun daga ranar kuma ruku'u da sujada suke yi masa wuya. Ya fara da ibuprofen mai miligiram 400 da ya tarar a gida, yana sha sau uku a rana. Da ya ga sauƙin bai zo da wuri ba sai ya je kemis aka ƙulla masa haɗin ƙwayoyi biyar a leda, na safe da na dare, sannan wani abokinsa ya kai shi aka yi masa allurar diclofenac. Ƙugun ya ɗan saki, amma tun jiya yake jin zafi a ƙahon zuciyarsa da ƙwannafi. Yana tambaya ko ya ci gaba da sha har ya warke, ko zai iya sha da sahur tun da yana azumin Litinin da Alhamis, kuma ko ya halatta ya sam wa mahaifiyarsa mai shekara 68, wadda take shan maganin hawan jini kuma gwiwoyinta suke damunta.

Malam, sannu da jiki, Allah ya ƙara sauƙi. Zan fara da abin da ya fi gaggawa kafin in shiga bayani: ka dakatar da haɗin nan yau, ka dakatar da ibuprofen ɗin, kada kuma ka koma a sake yi maka allurar. Zafin da kake ji a ƙahon zuciya saƙo ne daga tumbinka cewa an yi masa yawa, kuma wanda ya ci gaba da sha bayan wannan saƙon, shi ne ake cewa garin neman gira ya rasa ido. Ba ina nufin ibuprofen mugun magani ne ba. Magani ne mai kyau ƙwarai, yana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya, kuma ga irin ciwonka yana cikin abin da likita zai fara tunanin bayarwa. Matsalar ita ce an tara maka magunguna 'yan gida ɗaya a lokaci guda, ba tare da an faɗa maka ranar tsayawa ba. Zan rubuta sunayen magungunan yadda suke a jikin kwali, domin ka gane su idan ka gan su.

Ibuprofen da diclofenac da naproxen da piroxicam da indomethacin, har da asfirin idan an sha shi da yawa domin ciwo, duk dangi ɗaya ne, kuma hanya ɗaya suke bi. Idan tsoka ta yage ko jijiya ta miƙe fiye da kima, jiki yana samar da wasu sinadarai da ake kira furostagilandin, su ne suke kawo kumburi da ɗumi a wurin, su kuma sa jijiyoyin jin zafi su riƙa amsawa da abu kaɗan. Waɗannan magunguna suna toshe hanyar samar da sinadaran, shi ya sa kumburi yake saɓewa, raɗaɗi ya lafa. Wani masani ɗan Ingila, John Vane, shi ne ya gano haka game da asfirin a shekarar 1971, aka kuma ba shi kyautar Nobel a 1982. Shi kuwa ibuprofen, Stewart Adams da abokan aikinsa ne suka samar da shi a kamfanin Boots da ke Nottingham, aka fara sayar da shi a Ingila a 1969 da sunan Brufen, sunan da har yau wasu dattawanmu suke kiransa da shi.

Abin da ya kamata ka riƙe shi ne, furostagilandin ɗin nan ba a wurin ciwo kaɗai yake aiki ba. Shi ne yake sa bangon tumbi ya riƙa fitar da majina mai kauri da take kare shi daga ruwan tsamin da ke narka abinci, shi ne kuma yake buɗe ƙananan hanyoyin jini na ƙoda a lokacin da ruwan jiki ya yi ƙasa. Ƙwayar da ka haɗiya ba ta san ƙugu daban, tumbi daban ba. Ta shiga jini, ta rage sinadarin a ko'ina. Saboda haka duk sauƙin da ka samu a ƙugu, tumbinka da ƙodarka suna biyan wani abu a kai. Idan magani ɗaya ne, daidai gwargwado, na kwana uku ko biyar, a jikin matashi mai lafiya, abin da suke biya kaɗan ne kuma jiki yana mayarwa. Idan aka haɗa biyu ko uku daga dangin nan, sauƙin ba ya ƙaruwa da wani abin kirki, domin ƙofa ɗaya ce duk suke rufewa kuma na farko ya riga ya rufe ta, amma ɓarnar tana taruwa.

A nan ne haɗin kemis yake tayar mini da hankali. Ƙwayoyi biyar a leda, an ɓare su daga takardarsu, babu suna, babu ranar lalacewa, babu lambar rajistar NAFDAC da mutum zai duba, kai da za ka haɗiya ba ka san me ke ciki ba, likitan da za ka je wurinsa idan abu ya ɓaci shi ma ba zai sani ba. A irin waɗanda aka sha kawo mini in duba, nakan tarar da biyu daga dangin da na lissafa, sannan da wata ƙaramar farar ƙwaya ta prednisolone ko dexamethasone, waɗanda su kansu idan suka haɗu da ibuprofen ko diclofenac suna ƙara haɗarin gyambon ciki da zubar jini. Piroxicam kuwa, wanda yake yawan faɗawa cikin haɗin ciwon jiki, yana da wata ɗabi'a da mutane ba su sani ba: ibuprofen rabinsa yana barin jini cikin kamar awa 2, shi kuwa piroxicam sai ya yi kusan awa 50 kafin rabinsa ya fita, don haka wanda yake sha safe da dare tara shi yake yi a jiki. Tun shekarar 2007 hukumar kula da magunguna ta Tarayyar Turai ta ce a daina ba da shi domin ciwo na ɗan lokaci irin naka. Ban ce mai kemis ɗin ya yi nufin cutar da kai ba, mutane ne suke zuwa suna cewa a ba su mai ƙarfi wanda zai tashe su su koma aiki, shi kuma yana ba su abin da suka nema. Amma kai kana da haƙƙin ka ce a ba ka magani a cikin takardarsa, da sunansa a rubuce.

Game da allura, akwai wata fahimta da ta zauna a zukatan jama'armu cewa tun da ba ta baki ta bi ba, ba ruwanta da ciki. Wannan ba haka yake ba. Mafi yawan illar da waɗannan magunguna suke yi wa tumbi ta jini take zuwa, don haka diclofenac na allura yana rage garkuwar tumbi kamar yadda na haɗiya yake yi, ga kuma haɗarin ƙurji a wurin da aka soka. Adadin da babba zai iya ɗauka na diclofenac a yini, ko da likita ne ya rubuta, bai wuce miligiram 150 ba, kuma allura ɗaya yawanci miligiram 75 ce. Ka lissafa wannan a kan ibuprofen 1,200 da kake sha, a kan abin da ke cikin leda wanda ba mu sani ba, za ka ga dalilin da ya sa cikinka ya yi magana.

Yanzu ga abin da nake so ka yi. Cikin yau ko gobe ka je asibiti ko wurin ƙwararren mai harhaɗa magunguna, ka tafi da ragowar ledar da kwalin ibuprofen, ka faɗi duk abin da ka sha ba tare da ɓoye komai ba, a gwada maka jini a ga ko ya hau. Mai yiwuwa a ba ka omeprazole na 'yan kwanaki domin rage tsamin ciki har bangon ya farfaɗo, idan kuma zafin bai tafi ba a duba ko kana ɗauke da ƙwayar cutar da take kawo gyambon ciki, wadda ake kira H. pylori, domin tana da yawa a ƙasashenmu. Ka kuma riƙa duba bayan gidanka, kada kunya ta hana ka. Idan ka ga ya koma baƙi ƙirin kamar kwalta, yana danƙo, yana wari fiye da yadda aka saba, jini ne da ya zuba a sama ya narke kafin ya fito. Idan ka yi amai da jini, ko amai mai duhu kamar an jiƙa garin kofi, ko ka miƙe tsaye ka ji jiri da faɗuwar gaba, ko cikin ya murɗa ya yi tauri kamar katako, to ba maganar jiran gobe ba ce, a kai ka sashen gaggawa ko da tsakar dare ne. Na taɓa tsayawa a kan wani magidanci da bai wuce shekarunka ba, leburan gini, wanda ya yi mako biyu yana shan irin wannan haɗin domin kada ya rasa aikin yini. Tafin hannunsa ya yi fari fat, leɓɓansa sun bushe, matarsa tana riƙe da ƙullin ledar a bakin mayafinta tana cewa ai maganin gajiya ne kawai. Sai da aka ƙara masa jini kafin ya dawo hayyacinsa. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ya ce bai ji wani ciwon ciki na a zo a gani ba kafin ranar, kuma haka yake faruwa ga mutane da yawa, zubar jinin tana zuwa babu sallama. Kai da cikinka ya gargaɗe ka tun da wuri, ka gode wa Allah ka saurare shi.

Idan ciki ya lafa, aka tabbatar ba ka da gyambo, ba ka da hawan jini ko matsalar ƙoda, babu abin da zai hana ka amfani da ibuprofen wata rana idan ka yi targaɗe, ko haƙori ya tashi kafin ka isa wurin likitan haƙori, ko ƙugun ya sake riƙewa. Ƙa'idar ita ce magani ɗaya tak daga dangin, mafi ƙarancin adadin da zai yi maka aiki, na mafi ƙarancin kwanaki. Babba yana shan miligiram 200 zuwa 400 a lokaci guda, ya bar aƙalla awa 6 kafin ya ƙara, kada jimillar ta wuce miligiram 1,200 a awa 24 sai da umarnin likita. Yakan fara aiki cikin minti 20 zuwa 30, don haka kada ka ƙara wata ƙwaya bayan minti goma don ba ka ji komai ba. Ka sha bayan ka ci abinci, da cikakken kofin ruwa. Abincin yana rage ƙwannafi da tashin zuciya, amma kada ka ɗauka ya zama garkuwa daga gyambo, saboda dalilin da na faɗa a kan allura. Ka kuma karanta jikin kwalin duk wani maganin mura ko ciwon jiki da za ka haɗa da shi, domin akwai ƙwayoyin da suka haɗa ibuprofen da paracetamol da sinadarin kafeyin wuri ɗaya, mutum ya sha su tare da ibuprofen yana zaton abu biyu ne daban.

Shawarar da na fi ba mutane ita ce, ranar da ka fara sha ka ɗauki biro ka rubuta a jikin kwalin ranar da za ka daina. Ga ciwo irin wannan kwana 3 zuwa 5 sun isa. Takardar da ke cikin kwali takan ce kada a wuce kwana 10 domin ciwo, kwana 3 domin zazzaɓi, amma a ganina wanda ya kai kwana biyar bai ga canji ba ya kamata ya gane cewa amsar ba ta cikin ƙwayar, a je a duba shi. Kuma ibuprofen ba irin maganin kashe ƙwayoyin cuta ba ne da ake cewa dole a shanye. Ranar da ciwon ya zama wanda za ka iya jurewa, ranar za ka ajiye.

Maganar azumi ta haɗu da maganar ƙoda, kuma wannan ya shafe mu fiye da mutanen ƙasashen sanyi da aka rubuta takardun magungunan dominsu. Mutumin da yake yini a rumfar kwano a watan Afrilu, zafi ya kai awo 40, gumi yana zuba, bai sha ruwa ba tun asuba, ƙodarsa ta dogara ne kacokan a kan furostagilandin domin jini ya ci gaba da ratsa ta. Idan ya sha ibuprofen a wannan hali, ya janye mata tsanin da take tsaye a kai. Haka wanda yake gudawa ko amai. Saboda haka ban yarda ka sha da sahur sannan ka fita kasuwa ka yini ba ruwa ba, balle ka haɗa ƙwaya biyu ko uku a lokaci guda wai don su kai ka magariba. Azumin Litinin da Alhamis nafila ne, kana iya ɗaga shi na mako ɗaya ko biyu har ka gama magani, ko a Ramadan ma an yi wa marar lafiya rangwamen ya rama daga baya. Idan ka lura fitsarinka ya ragu sosai, ko ƙafafu da fuska sun kumbura bayan shan maganin, ka daina ka je a gwada ƙoda.

Akwai wani yanayi kuma da nake so ka kiyaye domin iyalinka. Idan ciwon jiki ya zo tare da zazzaɓin da ba a san dalilinsa ba, musamman da rani lokacin da zazzaɓin Lassa yake tashi, paracetamol za a ba mutum har a yi gwaji, domin ibuprofen da asfirin suna rage daskarewar jini, kuma a zazzaɓi irin Lassa ko dengue hakan yana iya tsananta zubar jini. Mai juna biyu ma kada ta sha sai likita ya ce, tun da hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a 2020 cewa daga mako na 20 maganin yana iya taɓa ƙodar jariri ya rage ruwan da yake kwance a ciki, a watanni ukun ƙarshe kuwa an hana shi gaba ɗaya. Mai asma ya yi hattara, domin wasunsu yana tayar musu da ita.

Shi kansa ƙugun, ina so ka kwantar da hankalinka: mafi yawan irin wannan riƙewar tsoka ce da jijiyoyi, kuma tana saki da kanta cikin 'yan makonni ko an sha magani ko ba a sha ba. Kwanciya tsawon yini tana ƙara sandarar da bayan, don haka ka riƙa tashi kana takawa a hankali a tsakar gida, ka yi sallah a zaune idan ruku'u ya gagara, ka bar ɗaukar kaya ga 'yan dako na wani lokaci. Gashi da tawul da ruwan ɗumi na minti 15 zuwa 20, sau biyu ko uku a rana, yana taimakawa fiye da yadda mutane suke zato. Za ka iya shan paracetamol, ƙwaya biyu masu miligiram 500, kada ka wuce sau huɗu a awa 24, wato giram 4. Gaskiya ƙarfinsa a kan ciwon baya kaɗan ne, amma ba ya cin tumbi, kuma a halin da kake ciki wannan ne ya fi muhimmanci. Wani zai ce maka ka gwada tramadol, kada ka saurare shi, ka ga abin da ya yi wa matasa a unguwanninmu. Idan kuwa ka ji ƙafa tana mutuwa ko tana jan ƙasa, ko tsakanin cinyoyinka ya yi dundum ba ka jin taɓi, ko fitsari ya ƙi fita ko yana zuba ba da saninka ba, ko zazzaɓi ya biyo baya, wannan ya wuce tsoka, a tafi asibiti a ranar.

Sai maganar Hajiya, kuma a nan amsata a'a ce, ina roƙonka kada tausayi ya sa ka miƙa mata ko ƙwaya ɗaya. Na san yadda yake da wuya mutum ya ga mahaifiyarsa tana dafa bango kafin ta miƙe daga kan darduma, alhali yana da abin da ya san yana rage zafi a aljihunsa. Amma wanda ya haura shekara 65 tumbinsa ya fi saurin zubar jini, ƙodarsa kuma ta rage ƙarfi ko da bai taɓa jin ciwo ba. Waɗannan magunguna suna sa jiki ya riƙe gishiri da ruwa, su ɗaga hawan jini, su raunana aikin maganin da take sha. Idan cikin magungunanta akwai lisinopril ko losartan, tare da maganin sa fitsari irin hydrochlorothiazide ko furosemide, ƙara ibuprofen a kansu haɗi ne da likitoci suka san yana iya durƙusar da ƙoda cikin kwanaki. Idan tana shan ƙaramin asfirin mai miligiram 75 domin kare zuciya, ibuprofen yana iya tare masa hanya, ya kuma ƙara haɗarin zubar jini. A 2015 hukumar nan ta Amurka ta ƙarfafa gargaɗinta cewa haɗarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki yana iya ƙaruwa tun a makonnin farko na shan wannan dangi, tun 2013 kuma Turai ta hana ba da diclofenac ga wanda ya taɓa samun ciwon zuciya ko shanyewar jiki.

Sannan ciwon gwiwarta ba irin naka ba ne da zai wuce a mako biyu. Abu ne da zai zauna da ita, don haka ƙwayar da aka ba ta yau za ta nema gobe da jibi, kuma a nan ne maganin kwana biyar yake komawa na shekara biyar. Ranar da za ta koma ganin likitan hawan jini, ka raka ta da kanka, ka zuba duk magungunanta a jaka har da na gargajiya da take jiƙawa, ka faɗa masa maganar gwiwa. Ka tambaye shi ko za ta iya amfani da diclofenac na shafawa, domin abin da yake ratsa fata ya shiga jini kaɗan ne ƙwarai idan aka kwatanta da na haɗiya, kuma a kan gwiwa yana aiki. Ka tambaye shi kuma a gwada mata ƙoda idan an daɗe ba a yi ba, ya kuma tura ta wurin masu gashin ƙashi su koya mata motsa jikin da yake ƙarfafa tsokar cinya. Kafin ranar, ka samo mata kujera mai ɗan tsayi da za ta riƙa sallah a kai, ita kuma ledar haɗin nan ka fitar da ita daga gidan gaba ɗaya, kada ta tsince ta a kan taga ranar da ba ka nan.